Abdussalami Masunci da Haƙƙin Osman

Abdussalami mutumin Hillat Tsamiya ne, wani ƙauyen Hausawa a bakin ruwa kudu da Rusairis, inda madatsa ta tare kogi ya koma tafki mai faɗin gaske. Mutanen wurin ba sa cewa kogi, sai dai bahar. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar hajji, ya yada zango nan don ya yi noman shekara ɗaya, shekarar nan ɗaya ta zama sauran rayuwarsa. Uban Abdussalami masunci ne, shi ma bai tashi ya san wata sana'a ba. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, Larabci kuwa a kasuwar kifi ya tsince shi. Ya auri Lami suka haifi 'ya'ya mata uku. Babbar ita ce Sabah, shi ya sa duk ƙauyen aka fi saninsa da Abu Sabah.

Abokin aikinsa a ruwa shi ne Osman. Tare aka yi musu kaciya, tare suka sayi jirgi, kifin da suka kama kuma a tsakiya suke raba shi ba tare da kowa ya duba wanda ya fi girma ba. Osman mutum ne mai surutu da ban dariya, sai dai yana da ciwon fuka tun ƙuruciya, saboda haka iyonsa ba ya nisa. Kowa ya san da haka, Abdussalami ya fi kowa sani.

A daminar 1993, wata Talata bayan azahar, suka shiga jirgi don su ɗago ragar da suka saka tun safe. Ruwa ya yi ja da laka, yana tafe da itatuwan da ya tumɓuko daga duwatsun Habasha. Sun ga hadari ya haɗo daga gabas. Osman ya ce a bari sai gobe, Abdussalami ya ce in aka bari itatuwan nan za su tafi da ragar. Suna tsakiyar ja iska ta iso. Wani ƙaton kututture ya bugi jirgin ta gefe, kafin ɗayansu ya buɗe baki jirgi ya kife.

Osman ya ƙanƙame wuyan Abdussalami. Sau biyu suna nitsewa tare suna ɗagowa. A na uku Abdussalami ya ji numfashinsa zai ƙare. Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsun Osman ɗaya bayan ɗaya, ya kafa masa ƙafa a ƙirji ya ture shi. Da ya ɗago kai sai ya ga Osman bai fi taku uku da shi ba, ruwa na shiga bakinsa. Osman ya kira shi sau ɗaya, "Abdu!" Kututturen da ya kifar da su yana nan kusa. Abdussalami ya juya ya nufi kututturen, ya kama, ruwa ya tafi da shi har gaɓa. Daga baya ba turewar ce ta fi cin ransa ba, juyawar ce, domin kututturen zai ɗauki mutum biyu, kuma da ya tura shi wajen Osman da ya isa.

A rana ta uku aka sami gawar a cikin ciyawar bakin ruwa. Da aka tambayi Abdussalami yadda aka yi, ya ce tun da jirgin ya kife ruwa ya raba su, bai ƙara ganin Osman ba. Ba wanda ya yi shakka. Aka yi ta yi masa jaje da barka da arziki.

Osman ya bar mata, Khairiyya, da yaro ɗan shekara huɗu mai suna Sa'id, da jaririya a goye. Tun ranar da aka tashi daga zaman makoki Abdussalami ya ɗauki nauyin gidan. Duk ranar da ya shiga ruwa, kifin Khairiyya ake fara warewa. Kafin damina ta faɗi shi ke gyara mata jinka. Ya koya wa Sa'id iyo da kansa, bai bar shi ya taka jirgi ba sai da ya ga ya iya ƙetare mashigi ya dawo. Bai tsaya nan ba. In aka yi rasuwa, shi ne farkon zuwa maƙabarta da diga. Randunan ruwan sadaka da ke bakin hanyar mota, shi ke cika su kowace safiya. Ya kama azumin Litinin da Alhamis bai ƙara saki ba. Har ta kai in yara sun yi faɗa iyaye kan ce musu, ba ku ga Abu Sabah ba? In ya ji irin wannan yabo sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce tawali'u ne, alhali kunya ce.

Sau ɗaya ya je wurin limamin ƙauyen, Alhaji Nuraddeen, dattijo mai sanyin hali. Bai faɗi abin da ya yi ba, sai ya zagaya. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, in mutum ya zalunci wani, wanda aka zalunta kuma ya rasu, mi ya kamata shi yi?"

Liman ya ce, "Rahamar Allah tana da faɗi, Abu Sabah. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, tuba na shafe shi. Haƙƙin ɗan Adam kuwa, mai shi ake nema. In ba ya raye, a yi masa addu'a, a yi sadaka da sunansa, a kyautata wa magadansa, a kuma sa rai."

"Har yaushe, Malam? Ta yaya mutum zai san ya isa?"

"Wannan sai Allah."

Liman ya faɗi abin da ya sani da zuciya ɗaya. Abdussalami ya koma gida ya ƙara ƙaimi. Amma a cikin gida wani mutum ne dabam. Ba ya dariya, ba ya hira, ƙaramin kuskure sai ya yi wa 'ya'yansa tsawa har su ɓuya a bayan rumbu. Lami ta taɓa ce masa, "Malam, kirkin nan naka na waje, ka riƙa rage mana kaɗan mu ma mu ɗanɗana." Haka aka yi shekara goma sha uku.

A 2006 ƙayar kurungu ta soke shi a tafin ƙafa. Masunci ba ya kula da irin wannan, ga shi ranar an yi rasuwa, ya ɗaure da tsumma ya tafi haƙa kabari. Ashe yana da ciwon sukari bai sani ba. Cikin mako biyu ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Aka sa shi a bayan mota zuwa asibiti a Damazin, likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Ya yi kusan kwana arba'in a ɗakin maza. Lami ce ke jinyarsa, amma ba ta iya ɗaga shi, ba kuma ta iya shiga da shi bayan gida. A gadon da ke kusa akwai wani mai karaya a ƙugu, wansa ne ke jinyarsa. Sunan wan nasa Tiya, magini ne daga duwatsun Nuba, yaƙi ya koro shi Damazin shekaru da yawa da suka wuce. Dogo ne baƙi, da ɗan gicciye na itace a wuyansa. A rana ta biyu ya ga Lami na fama, ya zo ya sungumi Abdussalami kamar yaro. Abdussalami ya ga gicciyen, ransa bai so ba, amma larura ta fi ƙarfinsa. Daga ranar sau uku ko huɗu Tiya ke ɗaukarsa kullum, ya wanke shi, ya mayar da shi gado.

Da Larabci suke magana, don Tiya ba ya jin Hausa. Wata rana bayan ya kwantar da shi, Abdussalami ya ce, "Allah ya sa maka wannan a mizani, ya ba ka ladansa."

Tiya ya yi dariya ya ce, "Na gode, Abu Sabah. Amma ni ba lada nake nema ba. Abin da nake nema an riga an ba ni, tun ban yi komai ba."

Abdussalami ya ɗauka shirmen wanda bai san Allah ba ne. Amma maganar ta ƙi barinsa. Tun da aka yanke ƙafar tunani ɗaya yake yi: ba sauran haƙa kabari, ba sauran cika randa, ba sauran kifin Khairiyya, likita ma ya hana shi azumi. In abin da ya yi bai isa ba, to ba zai ƙara isa ba har abada. Kashegari ya tambayi Tiya me yake nufi.

Tiya ya zauna a bakin gadon. Ya ce yana saurayi an kwashe su aikin soja. Wata rana aka kai su wani ƙauye a gindin dutse, aka ce su ƙone rumbuna. Mutanen ƙauyen harshensu ɗaya da shi. Shi da hannunsa ya cinna wa rumbu bakwai wuta, tsofaffi na roƙonsa. Ya ji daga baya yunwar da ta biyo baya ta kashe yara da yawa a wurin. Ya faɗi wannan a hankali, ba kuka ba kame-kame.

"Da na bar soja, giya na sha shekara huɗu," in ji Tiya. "Ko zan gina rumbu dubu, yaran nan ba za su tashi ba. Wani tsoho a majami'armu ya ce mini Allah ya san mutum ba zai iya wanke kansa ba, shi ya sa bai jira mu gyaru ba. Ya aiko Yesu Almasihu, wanda ba shi da zunubi ko ɗaya, ya ɗauki namu a kansa, ya mutu a kan gicciye, ya kuma tashi. Duk wanda ya gaskata ya dogara gare shi, Allah ya karɓe shi yadda yake. Kyauta ce, alheri ne kawai. Ɗaukar da nake maka godiya ce nake yi."

Abdussalami ya ce shi abin da aka koya masa, ba a kashe Annabi Isa ba, kuma ba wanda ke ɗaukar laifin wani.

Tiya ya ce, "Na san haka kuke cewa. Ni magini ne, ba zan iya ja da malamanku ba. Abin da ya same ni na gaya maka."

Suka yi kwanaki suna wannan magana, wani lokaci har murya ta ɗan tashi, masu jinya su waiwayo, su kuma su rage murya. Wata la'asar Lami ta fita kasuwa, Tiya ya ɗauke shi zuwa inuwar dalbejiya a tsakar asibitin don ya sha iska. A nan Abdussalami ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya faɗi yatsun, ya faɗi ƙafar da ya kafa a ƙirji, ya faɗi kiran da kututturen. Ya zaci Tiya zai ce ai ruwa ne, kowa haka zai yi. Da ya ce haka, da maganarsu ta ƙare nan, domin Abdussalami ya sha gaya wa kansa wannan bai kuma yarda ba.

Amma Tiya bai faɗi haka ba. Ya ce, "Abin da ka yi mummuna ne. Ƙaryar da ka yi wa matarsa ma mummuna ce."

"To haƙƙinsa fa? Mai shi ba ya nan balle ya yafe."

"Osman na wane ne? Ba Allah ya halicce shi ba? Abin da ka yi masa, Mai shi ka yi wa. Kuma saboda irin wannan ne Almasihu ya mutu, ba saboda ƙananan abubuwa kaɗai ba. Bai bar maka saura ka ƙarasa ba."

Abdussalami bai ce ya yarda ba. Aka sallame shi ya koma Hillat Tsamiya da sanduna biyu. Ya yi watanni a rumfar ƙofar gida yana kallon wasu na yin ayyukan da ya saba. Sa'id, wanda ya zama saurayi yana shiga ruwa, shi ke kawo musu kifi yanzu, yana kiransa Baba. Khairiyya kan aiko da kisra, wato wainar dawa irin ta ƙasar, da miyar kuɓewa. Wannan ya fi yanke ƙafar ciwo.

Wata safiya maza sun tafi ruwa, Lami ta tafi niƙa, gidan ba kowa sai kaji. Abdussalami yana zaune a kan gadon igiya, ya buɗe baki ya ce, "Yesu Almasihu, ba ni da komai. Abin da na yi ka sani. In gaskiya ne ka ɗauka, to ga ni, na dogara gare ka." Bai ga wani haske ba, bai ji wata murya ba. Ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne Osman. Da Lami ta dawo ta same shi yana barci da rana tsaka, ta yi ta mamaki, don ba halinsa ba ne. Da ya tashi ya ce yunwa yake ji, ya cinye tuwon da ta ajiye har ya nemi ƙari.

Zuwa Damazin don awon ƙafar roba ya ba shi dalilin neman gidan Tiya. Ya same shi a wata unguwa ta gefen gari. Shekara guda da rabi yana zuwa duk wata, Tiya da wani tsohon fasto suna karanta masa littafinsu mai tsarki suna amsa tambayoyinsa, waɗanda ba su san amsarsu ba su ce ba su sani ba. Faston bai yi gaggawa ba. Ya gaya masa a fili cewa dokar ƙasa tana da hukunci mai tsanani a kan wanda ya bar Musulunci, ya je ya yi tunani. Abdussalami ya je ya yi, ya dawo. A farkon 2008 aka yi masa baftisma a wata ƙaramar majami'a ta jan laka, mutum shida ne a wurin.

A hanyar tasha ranar ya ce wa Tiya zai gaya wa Khairiyya gaskiya. Tiya ya ce, "Ka san dai ba wannan zai cece ka ba, an gama wancan." Abdussalami ya ce ya sani. Da tsoro ne ya hana shi, yanzu kuma ba ya jin zai iya ci gaba da cin tuwonta a kan ƙarya.

Ya same ta da hantsi tana yanka kuɓewa tana shanyawa a tabarma, Sa'id na gefe yana gyaran ƙugiya. Ta shimfiɗa masa buzu, suka gaisa. Ya ce, "Umm Sa'id, magana na zo da ita, ta shekara goma sha biyar. Sa'id, kai ma zauna ka ji." Ya faɗa musu duka, bai rage ba, bai kuma ce ruwa ne ya sa shi ba.

Khairiyya ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Ya kira ka?"

"Ya kira ni."

"Ka ji shi?"

"Na ji shi."

Ta ce, "Ashe kifin nan da na riƙa ci ina sa maka albarka, kifin wanga abu ne. Na sa ɗiyana su ce maka Baba." Muryarta ba ta tashi ba. "Mi ya sa yanzu? Da ka bar ni da abin da na sani."

Ya ce, "Haƙƙinki ne ki sani. Ban zo don ki yafe mini dole ba. In kin yafe na gode, in ba ki yafe ba ban ga laifinki ba."

Ta ce ya tashi ya fitar mata daga gida. Sa'id ya bi shi da ido har ya fita da sandunansa. Kafin la'asar labari ya zagaye ƙauyen. Waɗansu suka ce mutum a bakin mutuwa ba a kama shi da laifi, waɗansu suka ce ƙaryar ce abin kunya. Mutumin da ake kafa misali da shi ya zama abin nuni da baki.

Ranar ce kuma ya gaya wa Lami sauran maganar, wato ya bi Almasihu. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ta Osman na daɗe da zargi, don kana kiran sunansa cikin barci. Amma wagga ta biyu, Malam, ina ma ban ji ba." Ta shiga ɗaki ta rufe.

Bayan sallar Juma'a Alhaji Nuraddeen ya zo da kansa. Lami ta kawo musu gahawa ta koma ciki. Liman ya ce, "Abu Sabah, da na ce ƙafa ce ta hana ka masallaci. Yanzu ga ƙafa an yi maka, har Damazin kake zuwa da ita. Gaya mini gaskiya."

Abdussalami ya gaya masa. Liman ya ajiye kofin gahawar. Ya ce, "Kai ka haƙa kabarin mahaifiyata. Da ka gaya mini abin da ke cikinka tun ranar da ka zo da tambaya, da mun zauna." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Ba zan kai ka gaban hukuma ba, ba kuma zan faɗa a masallaci ba. Amma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ka kuma sani, a shari'a aurenka ba ya tsaye."

Liman ya dawo sau uku yana roƙonsa ya tuba. Kowane zuwa Abdussalami ya karɓe shi da girmamawa, ya ce masa shekara goma sha uku yana aiki bai taɓa sanin ko an karɓe shi ba, yanzu ya sani, ba don shi ya cancanta ba. Liman ya ce ba mai sanin wannan sai ranar hisabi. A nan suka tsaya, kowa bai motsa ba.

Maganar ta fita duk da haka. Aka daina kiransa cin abinci a tabarmar maza. Wanda ke neman autarsa Rayan ya janye, wannan kuwa ya yi masa zafi ƙwarai, ya kira ta ya ba ta haƙuri, abin da bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba. Wan Lami, Jibirin, ya zo daga Dindir ya tafi da ƙanwarsa. Ta yi wata huɗu can. Da ta ji dungun ƙafar ya sake yin miki ba mai wanke masa, ta hau mota ta dawo. Ta mayar da kayanta ɗakin da ke ƙofar gida, ta ce masa, "Ni ga sallata ba zan bari ba, kai ma kada ka ce mini komai. Amma ba zan bar ka ka ruɓe ba." A haka suka zauna. Ba wanda ya kai ƙara. Ƙauyen ƙarami ne, kusan kowa ɗan'uwan Lami ne ko na mahaifiyarsa, suka zaɓi su ce ciwo ne ya taɓa masa kai.

Ya kama gyaran raga a rumfarsa. Da farko masunta suka riƙa kai wa wani, daga baya suka dawo ɗaya bayan ɗaya, don ba mai ƙulli irin nasa. In matalauci ya kawo raga yakan gyara ya ce ya tafi, in ya ga dama kuma ya ce yau ya gaji, a dawo gobe. Yana hira da masu zuwa, yana tsokanar jikokinsa. Sabah, da ke aure a Wad Haddad, ta ce da ta zo ganin gida ba ta gane ubanta ba, don ta same shi yana dariya har da riƙe ciki.

A watan Satumba na 2011 faɗa ya ɓarke a Damazin, mutane suka watse. Da ƙura ta lafa Abdussalami ya je unguwar su Tiya ya tarar da gidan ba rufi, majami'ar a kulle. Wani maƙwabci ya ce sun nufi kudu da ƙafa. Bai ƙara jin labarinsa ba. Daga nan ya zama ba shi da abokin addu'a ko ɗaya. Bai iya karatun boko ba, abin da ya riƙe a ka shi yake maimaitawa.

Da aka ƙara wa madatsa tsawo ruwa ya taso, aka kwashe mutanen Hillat Tsamiya zuwa sabon matsuguni na gidajen siminti a jere, nesa da gaɓa. Gidan Khairiyya ya faɗa can ɗaya gefen. Sa'id ya bar su ya tafi haƙar zinariya arewa, har yau bai yi wa Abdussalami magana ba. Khairiyya ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Shekara shida bayan ranar da ta kore shi, a layin ƙaramin asibitin matsugunin, ya gaishe ta kamar yadda yake yi duk haɗuwa, ta amsa da "lafiya lau" ba ta dube shi ba. Tun daga nan tana amsawa. Bai nemi fiye da haka ba.

A 2015 mijin Sabah ya aiko masa da rediyo. Wata safiya yana murɗa shi yana neman labarai, sai ya ji wani mutum daga can Najeriya yana wa'azin Almasihu da Hausa. Abdussalami bai taɓa sanin akwai wani Bahaushe a duniya da ya gaskata abin da ya gaskata ba. Ya ajiye ragar da ke hannunsa, ya kara rediyon a kunne, tashar na zuwa tana ɓacewa. Da aka yi addu'ar rufewa ya ce amin da ƙarfi har Lami ta leƙo daga madafa.

Ta tsaya ta ɗan saurara, ludayi a hannunta. Ta ce, "Wanga Hausar Kano ce, rabinta ba na ganewa."

Ya ce, "Ni ma ba duka na gane ba. Sun ce kullum da wannan lokaci suke yi."

"To ka rage murya, bangon gidajen nan ba ya riƙe magana," in ji Lami. Ta koma ta sauke kunu, ta zuba masa nasa ba sukari.